Mai shiru-shiru ma yana gajiya, kuma mu ne muke ƙara masa kaya

Wata magana na ji a wurin mai shayi nan Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru, har yanzu tana cina. Ana hirar wani bawan Allah da ya ajiye aikinsa, akanta ne a wata ƙungiya mai zaman kanta, aiki mai kyau albashi kan lokaci, irin wanda matasa masu digiri suke ta yawo da takardu suna nema. Ya rubuta takarda yace ya gaji ba zai iya ci gaba ba. Sai wani abokin aikinsa yana juya shayi yace: "Wace irin gajiya? Mutumin da ko magana ba ya yi, daga safe har yamma yana zaune gaban kwamfuta a ɗaki mai sanyi, me ya gajiyar da shi? Girman kai ne kawai da rashin godiyar Allah." Kowa ya gyaɗa kai, aka koma hirar ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport.

Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma bari in faɗi matsayina tun da wuri. Mutum mai shiru-shiru a wuraren aikinmu aiki biyu yake yi ana biyansa kuɗin ɗaya. Akwai aikin da aka ɗauke shi dominsa, akwai kuma aikin zama cikin hayaniya da fara'ar dole daga safe har dare, kuma da yake ba ya ƙorafi sai a riƙa ƙara masa kaya har ranar da zai zube. In ya zube mu ce halinsa ne. Ni na ce yadda muka tsara aikin ne ya kayar da shi, kuma shugabannin wuraren aiki su ya kamata a fara tambaya.

Wace irin gajiya nake nufi

Akwai gajiyar da mutum zai yi wanka ya kwanta ya tashi garau, wannan kowa na yinta, manomi na yi ɗan dako na yi. Wadda nake magana a kai ita ce wadda za ka kwana ka tashi da ita, ka yi Asabar da Lahadi ka shiga Litinin da ita, tun daren Lahadi ƙirjinka ya fara nauyi don kawai ka tuna gobe akwai ofis.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan abu a kundinta na rarrabe cututtuka, ta ce ba cuta ba ce a karan kanta, sakamako ne na matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ba da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan abun da da yake yi da kyau ya fara lalacewa a hannunsa. Ku lura da inda hukumar ta ɗora abun, a kan wurin aiki ta ɗora shi.

Cikin waɗanda suka fara rubutu a kai akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a New York, Herbert Freudenberger, a 1974. A wani asibitin kyauta na masu shaye-shaye ya ga abun a jikin masu aikin sa kai, kuma waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne suka fi saurin durƙushewa. Malalaci ba ya kaiwa nan, shi tun farko bai ɗauki kayan ba.

Shi kuma mai shiru-shiru, ba tsoron mutane yake ba, ba ƙinsu yake ba. Tun 1921 Carl Jung, likitan nan na Suwizalan, ya yi bayanin cewa mutane sun bambanta a nan, ko da yake yawancinmu muna tsaka-tsaki ne. Wani in ya shiga taro ƙarfi yake samu, in ka bar shi shi kaɗai sai duniya ta yi masa ƙunci. Wani kuma yana son mutane, ka zauna da shi ku biyu za ka sha hira har ka manta lokaci, amma taro da hayaniya ɗibar ƙarfinsa suke yi sai ya keɓe kafin ya dawo daidai. Kamar rijiya ce a watan Afrilu, in an ɗiba sai an bar ta ruwa ya taru, in kowa ya zo ya zura guga babu tsayawa ƙarshe laka za a ciro.

Aikin da ba a rubuta a kwantiragi ba

Toh mu bi ranar aiki ɗaya mu gani. Ka iso ƙarfe bakwai da rabi, kafin ka zauna sai ka zaga ofis-ofis ka gaida kowa, ina kwana ina gajiya yaya iyali yaya zafi, wannan ba laifi tarbiyyarmu ce. Ka shiga ɗakinku tebur huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, wannan yana waya da ƙarfi, wancan ya kunna saƙon murya na WhatsApp kowa sai ya ji, baƙon wancan ya zo an ba shi kujerar da ke gaban teburinka, mai sayar da yadi ta shigo an baje kaya, kai kuma lissafi kake wanda in ka yi kuskuren sifiri ɗaya kai za a kama. Ƙarfe goma mitin. Mitin da aka ce minti talatin ya kai azahar, kuma mutum uku ne suka cinye shi da magana.

A mitin ɗin nan ake cutar mai shiru-shiru fiye da ko'ina. Ba a turo abun da za a tattauna tun jiya ba, sai an zauna shef, wato shugaban ofis, ya jefo tambaya, wanda bakinsa ya fi sauri ya cafe. Shi wannan sai ya juya magana a zuciyarsa ya auna ta, kafin ya gama aunawa an wuce batu na gaba. Da aka tashi sai shef yace "Malam wane, kai da ba ka ce komi ba, kai za ka rubuta mana rapor." Ya je ya rubuta rahoton, ya gyara shirmen da aka yi a mitin ya mai da shi magana mai ma'ana, a kai wa manya a Yawunde da sunan wani. Ranar da za a zaɓi wanda zai je seminer, wato taron ƙara wa juna sani, a samu ɗan perdiyem, kuɗin guzurin tafiya, ko ranar ƙarin girma, sai a ce ai wane ba ya iya magana, a tura mai baki.

Kuma duk dosiye, wato fayil ɗin aiki, da ya gagara, duk aikin da wani ya bari rabi, teburinsa ake kaiwa. Dalili ɗaya ne, ba ya musu. Shef ya san in ya kai wa wancan sai an yi rabin awa ana ja-in-ja, in ya kai wa wannan "toh" kawai zai ce. Shef ɗin ba lallai mugu ba ne, sauƙi yake nema wa kansa, amma sauƙin nan nasa a bayan wani yake sauka.

An tashi aiki, ka ɗauka an gama? Gurup ɗin ofis na WhatsApp bai san an tashi ba. Akwai na ofis duka, akwai na sashenku, akwai na adashi, akwai wanda aka buɗe ban da shef a ciki. Ƙarfe goma na dare patron, wato maigidan wurin aiki, ya turo saƙo, ya ga alamar ka karanta, in ba ka amsa ba gobe da safe akwai kallo. Ga karo-karon sunan wane, ga bikin ƙanwar wance, ga ankon ranar mata ta 8 ga Maris, ga faretin 1 ga Mayu cikin rana da walimar da ke biyo baya wadda in ka zame ka tafi gida za a ce ba ka da zumunci. Ban ce waɗannan abubuwa ba su da kyau ba. Cewa nake ga wasu hutu ne, ga wasu kuma aiki ne, kuma mu lissafin masu jin daɗinsu kawai muke yi.

Wanda aikinsa da jama'a ne kai tsaye nasa ya fi tsanani. Yarinyar da ke zaune a kanta a banki ko a rumfar Orange Money da MTN, nas a ɗakin haihuwa, malamin makaranta da aji mai yara tamanin ko ɗari a Marwa ko Mokolo. Wata masaniya a Amurka, Arlie Hochschild, ta yi nazarin ma'aikatan jirgin sama, a littafinta na 1983 ta nuna cewa murmushin da aiki ya wajabta maka, da danne abun da kake ji don ka nuna wa mai hulɗa fuskar da kamfani ke so, shi ma aiki ne kuma yana cin mutum. Wanda surutu jininsa ne ma yana jin jiki, balle wanda sai ya tattaro kowace fara'a da ƙyar.

Sai a koma gida. A nan ne mata suka fi ba ni tausayi wallahi. Namiji mai shiru-shiru ko ba komi zai iya ɗaukar moto, wato babur, ya je bakin Binuwai ya zauna, ko ya tsaya a masallaci tsakanin magariba da isha ba wanda zai tambaye shi. Mace fa? Ta taso daga ofis ta faɗa girki, yara sun rufe ta, maƙwabta sun shigo, dangin miji sun zo daga ƙauye za su yi sati, in ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa na minti ashirin an ce miskila ce, aiki ya sa ta raina mutane. Asabar biki, Lahadi suna. Yaushe ta zauna ita kaɗai da zuciyarta? A gidajenmu na haya ɗaki biyu mutum takwas, ga zafin Maris da Afrilu da ya wuce digiri 40, in an ɗauke wuta kowa ya fito tsakar gida, ina wurin keɓewar yake?

"Ai mu ba Turawa ba ne"

Wannan ita ce amsar farko da za a ba ka. Mu mutanen zumunci ne, mutum rahama ne, wannan maganar son kaɗaici ta waɗanda suke mutuwa a ɗaki sai an ji wari ce.

Na yarda mutum rahama ne, kuma ba na fatan mu zama masu rufe ƙofa da maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Amma wa ya ce al'adarmu ta masu surutu ce kawai? Mu da muka tashi ana koya mana kawaici da kunya, ana cewa shiru ma magana ce. Mu da muke zaune da Fulani, waɗanda a pulaakunsu kamun kai da haƙuri da rashin nuna abun da ke ciki su ne ado. Dattijon da ake girmamawa a unguwa ba shi ne wanda ya fi kowa yawan magana ba, shi ne wanda in ya yi magana ɗaya an gama.

Ku duba sana'o'inmu na gado. Badukun Marwa yana zaune da fatarsa yana ɗinki sa'o'i bakinsa a rufe. Mai ɗinkin hula, maƙeri, malamin da ke rubuta Alƙur'ani da hannu, makiyayi da ke wuni a daji da shanunsa. Ba wanda ya taɓa cewa waɗannan ba su da zumunci, suna zuwa jana'iza suna zuwa ɗaurin aure, amma sana'arsu ta bar musu fili su yi shiru. Abun da yake baƙo a wurinmu shi ne wannan salon ofis na yanzu, inda ake rubutawa a sanarwar ɗaukar aiki cewa ana neman mai kazar-kazar mai iya magana ko da aikin shigar da lambobi a kwamfuta ne, inda za a tara manya a otal a raba su gurup-gurup a ce kowa ya tashi ya gabatar, inda wayarka ta zama ƙofar da kowa zai buga kowane lokaci. Wannan ne aka shigo mana da shi, shirun namu ne tun asali.

"Mumini yana cuɗanya da mutane"

Wani zai kawo maka hadisi, kuma hadisin yana nan: muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su kuma ba ya haƙuri da cutarwarsu. Gaskiya ne. Amma mutumin da muke magana a kai ai cuɗanyar yake yi, kwana biyar a sati yana cikin mutane, kuma haƙurin da yake yi ya fi na kowa a ofis ɗin. Bai ce zai koma dutse ya zauna ba.

Kuma in za a kawo hadisi a kawo sauran. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amr, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. In ibada ma an hana mutum ya kashe kansa a kanta, ina ga rapor ɗin ƙarshen wata? Sannan a hadisin Abu Zarri game da waɗanda suke ƙarƙashinmu an ce kada ku ɗora musu abun da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora musu to ku taimaka musu. Wannan kai tsaye da patron ake magana, amma ban cika jin an karanto shi a wurin aiki ba, na haƙuri kawai ake karanta wa na ƙasa. Addinin da ya shar'anta i'itikafi, mutum ya janye daga harkokin duniya kwana goma, ba zai zama hujjar hana bawan Allah ya samu awa ɗaya shi kaɗai ba.

"Ka samu aiki a ƙasar nan kana ƙorafi?"

Wannan ita ta fi zafi don akwai gaskiya a cikinta. Ga ɗan moto yana wuni a rana daga Rumde Ajiya zuwa babbar kasuwa yana neman na cefane, ga masu digiri daga jami'o'in Ngaundare da Marwa suna sayar da katin waya, ga waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Sai kai mai albashi ka ce ka gaji?

Wahalar ɗan moto gaskiya ce kuma ta fi ta mai ofis ta fuskoki da yawa, ba zan yi gardama ba. Amma ciwon wani ba ya warkar da ciwon wani. Kuma wannan maganar ita ce sandar da ake rufe wa mutum baki da ita. Ya san in ya tafi mutum ɗari suna jiran kujerar, ya san albashin nan ba nasa ba ne shi kaɗai, kuɗin makarantar ƙanne yana ciki, maganin tsohuwa yana ciki, buhun gero na gida yana ciki. Don haka ya haɗiye. Mai baki ko ba komi zai yi faɗa da shef ya huce, ya fita ya zage a wurin shayi ya samu sauƙi. Shi wannan komi a ciki yake tarawa.

Kuma jiki ba ya karɓar wannan hujjar. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda doguwar awannin aiki, kuma wanda yake yin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya fi da kashi 35 cikin ɗari in aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Yanzu ku lissafa awannin mutumin da yake zama bayan kowa ya tafi, ba don son a gani ba, don sai ofis ya yi tsit yake iya yin aikin da hayaniya ta hana shi da rana. Da yawansu haka suke yi, aikin gaske sai bayan la'asar ko ranar Asabar.

A wurinmu abun ba ya zuwa da sunansa. Ciwon kai ne kullum, rashin barci, ciki ya ƙi abinci, bugun zuciya, saurin fushi a gida ga yaran da ba su yi komi ba. Mutum ya je ya sayi maganin zazzaɓi ya sha, a ce taifot ne ya sha wani, a ce sammu ne ko maita ta abokan aiki a shiga neman taimako. Wani ya koma Nescafé kofi uku kafin azahar, wani Allah ya kiyaye ya faɗa tramol. A je asibiti a auna jini, wannan daidai ne kuma dole ne, don zazzaɓin cizon sauro gaskiya ne a nan. Amma in an auna ba a ga komi ba kuma abun ya ƙi tafiya, a faɗa wa likita yadda aiki yake da yadda barci yake. In kuma ya kai mutum ya daina jin daɗin komi a rayuwa ko yana tunanin gara mutuwa, wannan ya wuce gajiyar aiki, a gaggauta kai shi ga likita kada a tsaya ana cewa ya yi haƙuri.

Doka ma ba ta ce mai albashi ya zama bawa ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta sa awa 40 a sati ga wanda ba aikin gona yake ba, da hutun aƙalla awa 24 a jere kowane sati, da konje, wato hutun shekara, na kwana ɗaya da rabi a kan kowane wata da ka yi aiki. A Cadi awa 39 ne. Amma mutum nawa ne a kamfanoni masu zaman kansu suke cin konjensu cikakke? Mai shiru-shiru shi ne na ƙarshe da zai nema, in ya nema a ce bari a gama wannan aikin tukuna don ba mai riƙe masa, ya ce toh.

"To ya buɗe baki ya faɗa mana"

A nan kam zan ba masu wannan magana rabin gaskiya. Shef ba boka ba ne, ba zai san abun da ke cikin zuciyar mutum ba. Ɗan'uwa mai shiru-shiru, 'yar'uwa, in kaya ya yi yawa dole ka faɗa, kuma ba sai a gaban taro ba. Tunda rubutu ya fi maka sauƙi yi amfani da shi. In an kawo maka dosiye na huɗu, rubuta masa cikin ladabi: Yallaɓai ga uku a hannuna, wanne kake so in fara, wanne zai jira? Wannan ba rashin kunya ba ne. Ka nemi ganinsa kai kaɗai. Ka nemi konjenka a rubuce. Bikin da ba dole ba ka aika gudummawa ka kira waya ka yi addu'a, ba kowane taro ne sai an ga fuskarka ba. Ka samu mutum ɗaya da za ka riƙa faɗa wa abun da ke ranka, don keɓewa tana gyara ƙarfi amma ɓoye damuwa ba ta gyara komi.

Ɗaya rabin kuwa, mu tambayi kanmu me ke faruwa in ya faɗa. Mai surutu in ya ce a'a, an saba, a yi dariya a wuce. Mai shiru in ya ce a'a sau ɗaya sai ofis ya ɗauka, wane ya canza, wane ya fara ji da kansa, ko ya samu wani wuri ne. An saba da "toh" ɗinsa har an mai da ita haƙƙi. Shi ya sa da yawansu ba sa yin gargaɗi, sai dai a wayi gari a ga takardar ajiye aiki, ko kuma su ci gaba da zuwa jikinsu yana kujera zuciya ta daɗe da tafiya.

Kuma kada a ji ni ba daidai ba, masu surutu ma suna durƙushewa, aiki in ya yi yawa ba ya tambayar halin mutum. Christina Maslach, wadda ta shafe shekaru tana nazarin wannan abu a Amurka, ita da abokin aikinta Michael Leiter sun nuna ba yawan aiki kawai ke kawo shi ba, har da rashin iko a kan yadda za ka yi aikinka, da rashin yabo ko sakamako, da rashin adalci. Ku ɗora waɗannan a kan mutumin da na siffanta ku gani wanne ne bai same shi ba. Bambancin shi ne in mai surutu ya fara gajiya kowa zai ji, shi wannan gajiyarsa da lafiyarsa duk kama ɗaya suke a ido, shiru ne.

Abun da nake nema a wurin shugabanni ba kuɗi yake ci ba. Ka turo batun mitin tun jiya. Ka ce wanda yake da shawara zai iya rubutowa kafin ko bayan zama, kuma in ka yi amfani da ita ka faɗi sunan mai ita a gaban mutane. Ka zauna da takarda ka lissafa dosiye nawa ke hannun kowa, wallahi wasu za su sha mamakin abun da za su gani. Ka bar safiya ɗaya ko biyu a sati ba mitin ba baƙi. Saƙon da zai iya jiran safe ya jira safe. Faransa da muke kwaikwayon tsarin ofisoshinta tun Janairun 2017 ta sa doka cewa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya tattauna da ma'aikatansa kan haƙƙin kashe waya da imel bayan an tashi aiki. Mun ɗauko musu mitin da rapor da taye, wannan ɗin mun bar musu.

Sai delege-delege, wato wakilan ma'aikata. A Kamaru duk wurin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama ana zaɓen su, kuma aikinsu su kai kukan ma'aikata ga patron, in ta kama har ga sufeton ƙwadago. Amma yawanci mai baki ake zaɓa, kuma kukan masu baki yake kaiwa, albashi da alawus da kuɗin anko. Duk suna da muhimmanci. Sai dai in lokacin zaɓe ya zo, a tambayi mai neman kujerar ko ya san mutum nawa ne a wurin suka yi shekara biyu ba su je konje ba, da su wa suke rufe ofis kullum bayan kowa ya tafi, kuma in bai sani ba ya bi tebur-tebur ya tambaya mutum ɗaya-ɗaya, don a taro ba za su faɗa masa ba.